Fim ɗin da Ya Raba Kan 'Yan Kallo: Tarihin Napoleon Dynamite

Yau za mu ɗan ajiye littafi gefe guda mu leƙa duniyar finafinai, domin akwai wani tsohon labari da na ga ya shafi duk mai riƙe alƙalami da kuma duk mai karatu. Labarin wani ɗan ƙaramin fim ne na barkwanci da ya fito a ƙasar Amurka a shekarar 2004, mai suna Napoleon Dynamite. Abin da ya sa ya shiga tarihi shi ne yadda 'yan kallo suka karɓe shi. Mutum biyu za su zauna kujera kusa da kujera, ɗaya yana dariya har da riƙe ciki, ɗayan kuwa yana duba agogo yana tsaki, alhali abu ɗaya suke kallo. Wannan saɓani ya yi nisa, har ya kai majalisar dokoki, ya kuma gagari masana kwamfuta da ke neman kyautar dala miliyan 1.

Inda aka faro

Wanda ya ba da umarnin fim ɗin sunansa Jared Hess, kuma tare da matarsa Jerusha suka rubuta shi. A lokacin su biyun matasa ne da suka karanci harkar fim a Jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah, wadda mallakar cocin mabiya ɗariƙar Mormon ce. Jared ya yi sakandare a wani ɗan gari mai suna Preston a jihar Idaho, garin manoma da makiyaya wanda mutanensa ba su wuce 5,000 ba a wancan zamani. Tun yana ɗalibi ya shirya wani gajeren fim mai suna Peluca, marar launi, wanda bai kai minti 10 ba, ya sa abokin karatunsa Jon Heder ya fito a ciki. Da aka nuna shi a bikin finafinai na Slamdance a 2003 sai ya samu karɓuwa, aka ba su shawarar su faɗaɗa shi.

A cikin bazarar 2003 suka koma Preston suka ɗauki cikakken fim a kimanin mako 3, da kuɗin da bai wuce dala 400,000 ba. A ma'aunin Hollywood wannan ko kuɗin cefane bai kai ba. Jon Heder, wanda shi ne jarumin, dala 1,000 aka biya shi da farko. Makarantar da aka nuna ita ce ainihin makarantar garin, gidajen kuma na mutanen garin ne, da yawa daga cikin waɗanda ke wucewa a bayan fage ma 'yan garin ne.

Me ke cikin fim ɗin?

Idan mai karatu ya ce in ba shi labarin, to zan ɗan sha wahala, domin labarin bai taka kara ya karya ba. Napoleon wani dogon saurayi ne ɗan sakandare, mai cukurkuɗaɗɗen gashi da ƙaton tabarau, kullum baki a sake, ido a lumshe, yana magana kamar wanda aka tasa daga barci. Ba shi da abokai, ƙarya kuwa ba ta yi masa wuya, ga shi da zanen wasu dabbobi na almara a littafinsa. Yana zaune da kakarsa da yayansa Kip, mai shekara 32, wanda ba shi da aiki sai hira da 'yan mata a intanet. A bayan gida akwai wata dabba da ake kira lama, mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, wadda shi ne ke kai mata abinci yana ƙunƙuni.

Da kaka ta ji rauni aka kwantar da ita, sai kawunsu Rico ya zo riƙon gida. Shi kuma mutum ne da zuciyarsa ta tsaya a 1982, shekarar da yake ganin da an sa shi a wasan ƙwallo da ya zama wani abu a duniya. Yanzu dai tallan robobin abinci yake yi gida-gida. Sai ga wani baƙon ɗalibi daga Meziko mai suna Pedro, da wata yarinya mai kunya da ake kira Deb. Pedro ya tsaya takarar shugaban ɗalibai da wata yarinya mai farin jini, ranar jawabi ya rasa abin nunawa, sai Napoleon ya hau dandamali ya kwashi rawa shi kaɗai. Ɗalibai suka miƙe da tafi, Pedro ya ci zaɓe. Iyakarta ke nan. Babu zagi na batsa, babu tsiraici, babu kisa in ban da wata saniya da wani manomi ya bindige a gaban motar 'yan makaranta.

Abin lura shi ne yadda aka ɗauki fim ɗin. 'Yan wasan ba sa murmushi, ba sa kashe wa ɗan kallo ido, kyamara takan tsaya cak a kan fuskar mutum ya faɗi shirme da gaske-gaske sannan a yi shiru. Ba wanda zai nuna maka cewa ga wurin dariya. Kai za ka nema da kanka, in ka samu to, in ba ka samu ba ka tashi hannu rabbana.

Waɗanda suka so shi

A watan Janairun 2004 aka fara nuna shi a bikin Sundance, wanda shi ne babban dandalin finafinan da ba manyan kamfanoni suka shirya ba. Zauren ya kece da dariya, nan take kamfanin Fox Searchlight ya saye shi a kan miliyoyin daloli. A watan Yuni aka sake shi a gidajen sinima ƙalilan, aka riƙa ƙara yawansu sannu a hankali, ana nuna shi kyauta a wasu wurare ana raba riguna. Dabarar ta ci. Labari ya yi ta yawo daga baki zuwa baki, musamman tsakanin 'yan sakandare da 'yan jami'a, wasu suka kalle shi sau uku sau huɗu suna janyo abokansu. Har sai da aka koma aka ɗauki ƙarin fitowa ta ɗaurin auren Kip aka liƙa a ƙarshe, don masu maimaita kallo su sami sabon abu. Kafin a sauke shi ya tara sama da dala miliyan 44 a Amurka kaɗai, wato ya ninka kuɗin da aka kashe masa fiye da sau 100.

Daga nan abin ya fita daga sinima ya shiga gari. Farar riga mai jan rubutu da ke cewa a zaɓi Pedro, wadda Napoleon ya sa ranar rawa, ta zama yayi. Yara suka haddace maganganun fim ɗin suna jifan juna da su a aji da cikin mota, har iyaye da malamai suka gaji. A 2005 tashar MTV, wadda masu kallo ne ke jefa ƙuri'a a gasarta, ta ba shi kambun fim mafi kyau na shekara, Jon Heder kuma ya karɓi kyauta saboda rawar nan. Masoyansa cewa suke yi sun ga kansu a ciki. Duk wanda ya taɓa zama saniyar ware a makaranta, ko ya taso a garin da ba abin da ke faruwa, ya san waɗannan mutane, ya san kawu irin Rico mai kukan jiya.

Waɗanda suka ƙi shi

Amma fa ba kowa ya yi dariya ba. Roger Ebert, wanda a lokacin shi ne mashahurin mai sharhin finafinai a Amurka, tauraro ɗaya da rabi ya ba shi cikin huɗu. Hujjarsa ita ce fim ɗin bai damu ya sa ka so Napoleon ba, kawai dai ya jera maka wawaye ne don ka ji kai ka fi su. Wasu masu sharhin ma sun bi wannan hanya, suka ce 'yan birni ne suka taru a Sundance suna yi wa 'yan ƙauye dariya, akwai kuma waɗanda suka yi ƙorafin yadda aka nuna Pedro da danginsa 'yan Meziko. Ban da masu sharhi, akwai ɗimbin talakawan 'yan kallo da ba su ma kai ga wannan dogon nazari ba. Su dai an cika musu kunne cewa ga fim mai ban dariya, suka zauna suna jira a fara, har aka rubuta sunaye ba a fara ba.

To a nan ne gizo ke saƙar. Akwai bambanci tsakanin ka yi dariya tare da mutum da ka yi masa dariya, kuma yawancin finafinan barkwanci sukan nuna maka wanne suke nufi. Wannan bai nuna ba. Fitowar da wani ya gani a matsayin ƙauna, ita ce wani ya gani a matsayin wulaƙanci. Mai cewa an ci mutuncin talaka yana da hujja, domin an daɗe ana nuna mutanen karkara a matsayin abin dariya. Mai cewa an karrama shi ma yana da tasa, domin a ƙarshe kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah ya samu abin da yake nema, kuma ba a sa ɗayansu ya canza halinsa kafin ya samu ba.

Su kuma mutanen Idaho fa?

Da a ce an bi maganar masu sharhi, mutanen Preston ne ya kamata su fi kowa fushi. Akwai waɗanda ransu bai so ba, amma garin bai juya wa fim ɗin baya ba. Baƙi suka riƙa zuwa ganin makarantar da gidan Napoleon, har aka yi 'yan shekaru ana shirya biki na musamman da sunansa, ana gasar rawa da gasar kama da jarumin. A 2005 kuma majalisar dokokin jihar Idaho ta zartar da ƙuduri na yaba wa Jared da Jerusha Hess. Cikin raha aka rubuta shi: an yaba musu don sun tallata dankalin Idaho ta hanyar soyayyen dankalin da Napoleon ke ɓoyewa a aljihu, an ce abotarsa da Pedro ta ƙarfafa zumunci tsakanin ƙabilu, an kuma ari kalmar da Napoleon ke kiran mutane wawaye da ita aka jingina ta ga duk ɗan majalisar da zai ƙi amincewa. Ka ga ke nan waɗanda ake yi wa kukan an wulaƙanta su, da yawansu ɗaukar abin suka yi kamar wasan dangi. Ɗan gida ne ya tsokane su, kuma sun san bai ƙara gishiri da yawa ba.

Ranar da kwamfuta ta sara

Babi mafi ban mamaki ya zo ne daga baya. A wancan zamani kamfanin Netflix hayar faifan DVD yake bayarwa ta gidan waya, masu haya kuma su ba kowane fim maki daga tauraro 1 zuwa 5. Da waɗannan makin kwamfutar kamfanin ke hasashen abin da mutum zai so nan gaba. A watan Oktoban 2006 kamfanin ya sa gasa: duk wanda ya inganta wannan hasashe da kashi 10 cikin 100 zai karɓi dala miliyan 1. Aka sakar wa masu gasa maki sama da miliyan 100, na mutane kusan 480,000, a kan finafinai 17,770.

Da farko an yi ta gudu, daga baya tafiya ta yi nauyi. A Nuwamban 2008 ɗan jarida Clive Thompson ya rubuta a mujallar jaridar New York Times cewa ɗaya daga cikin abubuwan da suka tsaya wa masu gasar a wuya shi ne wannan fim. Wani daga cikinsu, Len Bertoni, ya shaida masa cewa kusan kashi 15 cikin 100 na kuskuren da ya rage masa daga Napoleon Dynamite yake. Dalili kuwa, mutane da yawa ko dai su ba shi 5 ko su ba shi 1, kuma sanin finafinan da mutum ya so a baya ba ya nuna ɓangaren da zai faɗa. Mutum biyu da ra'ayinsu ya zo ɗaya a kan finafinai da dama, da an zo kan wannan sai su raba gari. Akwai wasu finafinan masu irin wannan hali, kamar Lost in Translation da Sideways, amma sunan Napoleon ne ya bi matsalar. An dai ci gasar a Satumban 2009, bayan ƙungiyoyi da dama sun haɗe ƙarfinsu wuri guda. A 2017 kuma Netflix ya daina amfani da taurarin nan, ya koma tambayar ko ka so ko ba ka so ba.

Abin da ya rage

An yi ƙoƙarin maimaita sa'ar. A 2012 tashar Fox ta mayar da labarin zanen katun da muryoyin 'yan wasan na asali, amma kashi 6 kawai aka nuna aka tsayar. Shi Jared Hess ya ci gaba da sana'arsa, ya yi Nacho Libre a 2006, ya kuma yi A Minecraft Movie a 2025. Fim ɗinsa na farko kuwa an sake nuna shi a Sundance a 2024 da ya cika shekara 20, yaran da suka haddace shi a da yanzu su ne iyaye.

Abin da nake so marubutanmu su duba shi ne wannan. Idan ka haɗa mai ba da 5 da mai ba da 1 ka raba biyu, 3 za ka samu, wato aiki tsaka-tsaki. Amma waɗannan mutum biyun babu wanda ya ga aiki tsaka-tsaki a cikinsu. Ɗaya ya ƙaunace shi, ɗaya ya tsane shi. Da Hess ya saurari masu cewa ya ƙara labari, ya sa jaruminsa ya riƙa murmushi, ya nuna wa kowa wurin dariya, wataƙila da masu tsaki sun ragu, amma da babu yaron da zai koma sinima sau huɗu. Sai dai kuma kada wannan ya sa mu yi watsi da tambayar Ebert, domin duk mai rubuta barkwanci a kan talaka ko baƙauye dole ya tambayi kansa ko wanda yake zanawa zai iya zama kusa da shi su yi dariyar tare. Mutanen Preston da dama sun iya, shi ya sa fim ɗin ya tsira da mutuncinsa.

Wanda ya taɓa kallonsa a cikinku, sai ya faɗa mana ɓangaren da ya faɗa. A nan zan dasa aya, sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.