Yadda Tseren Babur na Kulob a Ingila Ya Koma Hannun Masu Furfura

Doka ce ta haifi wannan wasa namu. A 1903 gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade gudun mota da babur a mil 20 cikin awa, tsere a kan titi kuwa ba ya halatta. Sai masu ƙaiƙayin gudu suka nemi mafita. Wasu suka tsallaka tsibirin Man, mai majalisar kansa, inda aka fara gasar TT a 1907. Wasu suka nufi Brooklands, filin siminti da wani attajiri, Hugh Locke King, ya gina a ƙasarsa da ke Surrey a wannan shekarar. A can aka kafa kulob ɗin da muke kira Bemsee a 1909, kuma har yau yana shirya tsere.

Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe Brooklands a 1939, ba a sake tsere a can ba. Amma yaƙin ya bar mana gado: filayen jiragen soja da aka watsar. Silverstone da Snetterton da Thruxton duk haka suka samo asali, an jera ganguna da damman ciyawa an ce ga kwana. Shi ya sa Snetterton take a shimfiɗe, iska na kaɗa mutum ta gefe. Cadwell Park daban take. 'Ya'yan mai wurin ne suka fara tsere a kan hanyar wurin, aka fara gasa a 1934, hanya ce siririya, cikin tudu da kwari, akwai ma hawan da tayar gaba ke tashi sama ko ba ka so. Ni dai a wurina babu kamarta.

A da wasan na samari ne masu ƙaramin ƙarfi. Makanike ko birkila zai kwana yana kwance inji, Asabar ya loda babur a tsohuwar mota. A irin wannan tsere Barry Sheene ya fara, a filin Brands Hatch a 1968, kafin ya ci kambun duniya a 1976 da 1977. Da Yamaha RD350LC ta fito a 1980, filaye suka cika maƙil da yara marasa tsoro.

Daga shekarun 1990 aka samu sabuwar ƙofa, wato ranar hawan fili ba tare da gasa ba. Ka biya kuɗi, ka zo da babur ɗinka na titi, da hular kwano da rigar fata daga wuya har idon sawu. A auna ƙarar salansarka, ka liƙe madubi da salatif don kada ka riƙa waige, a raba ku rukuni uku gwargwadon ƙwarewa, kowane rukuni ya yi kamar minti 20 ya fito. Ta wannan ƙofa yawancinmu muka shigo, bayan mun haura arba'in, yara sun tasa, aljihu ya ɗan yi nauyi. Wanda abin ya shiga jininsa sai ya nemi lasisin hukumar tseren babur ta ACU, a ɗora masa 'yar shara ruwan lemo ta sabon shiga, don na baya su san za su iya cin karo da shirme a kwana. Ka ga manajan banki da tumbinsa cikin wannan riga, ɗan shekara 19 ya wuce shi fuu!

Dattijo yana da haƙuri, yana jin magana, ba ya murɗa mai don burge kowa. Sai dai ƙashinsa ba ya saurin ɗoruwa, kuma Litinin ofis na jiransa.

Abin da ke damuna shi ne kuɗi. Taya, mai, kuɗin shiga, duk sun fi ƙarfin irin makaniken da ya gina wasan. Ajin ƙananan babura masu arha, irin su Honda CB500 da Suzuki SV650, su ne suka rage wa mai ƙaramin albashi, kuma a ganina can ne tseren gaskiya yake. Masu kaɗa tuta da ke tsaye cikin ruwan sama suna janye waɗanda suka faɗi kuwa 'yan sa-kai ne, ba su da albashi. In kana sha'awa, kada ka fara da sayen babur mai tsada. Je ka tsaya tare da su wuni guda tukuna, ka ga faɗuwa da idonka.