Aska da Zabira: Tarihin da ke Tsatsa a Ƙasar Adar

Aska tana daga cikin kayan ƙarfe na farko da suke taɓa jikin Bahaushe. Ran suna, bayan an yanka rago an raɗa wa jariri suna, wanzamin gidan kan buɗe zabirarsa, ya zaro aska, ya aske gashin da yaron ya zo da shi duniya. Shi ne kuma zai cire masa beli, ya yi masa kaciya idan ya tasa, ya yi masa ƙaho idan ya manyanta jiki ya yi nauyi. Haka abin yake a Allakay, cikin gundumar Buza ta jahar Tawa, haka yake a ƙasashen Madawa da Kaita da sauran garuruwan Adar. Sai dai duk da wannan matsayi, da wuya a sami wanda ya adana tsohuwar aska don tarihi.

Kafin aska ta shiga zabira, sai ta bi ta maƙera, kuma ƙasar Adar ta shahara da aikin ƙarfe. A kan tuddanta masu duwatsu ake tono tama, a narka ta da gawayi cikin tanderun ƙasa, a fitar da curin ƙarfe wanda maƙeran baƙi za su sarrafa ya zama fartanya da gatari da mashi da wuƙa da aska. Nicole Échard, masaniya Bafaranshiya da ta yi bincike a Adar tun shekarun 1960, ta rubuta a kan maƙeran yankin, ta kuma ɗauki fim mai suna Noces de feu, wato auren wuta, wanda ya nuna yadda ake narka tama da al'adun da ke tattare da aikin. A shekarar 1975 aka buga littafinta a kan tarihin manoman Adar a jerin Études nigériennes, shekarar da aka buga na Farfesa Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa. Tun a lokacin nan sana'ar narka tama tana gab da mutuwa, domin ƙarfen Turawa da ɓaraguzan motoci sun cika kasuwanni, sun fi araha, ba su kuma bukatar sare itace da kwana a bakin wuta. Maƙeri ya ci gaba da ƙera aska, amma da ƙarfen da ya tsinto daga tsohuwar mota.

A hannun wanzami aska ta zama alƙalamin rubuta asali. Wanzanci sana'a ce ta gado, mai shugaba da ake kira Sarkin Aska, kuma kowane gida yana da wanzaminsa da ya gada kaka da kakanni, ana biyansa da hatsi da kaka da kuma rabonsa na naman suna. Da askarsa ake yin tsaga, wadda da ganinta ake sanin Bagobiri da Ba'adare da Bakabe, a zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, lokacin da zanen fuska kan sa dangi su gane nasu ko bayan shekaru. Kowane aiki kuwa da irin askarsa: ta aski dabam, ta tsaga da jarfa dabam, ta kaciya dabam, ga dutsen washi da fatar da ake goga baki a kai.

Abubuwa uku suka raba aska da wannan matsayi. Na farko reza, wadda Ba'amurke King Camp Gillette ya sami haƙƙin mallakar fasaharta a 1904, ta bazu duniya har ta iso teburin mai kayan koli a kasuwannin ƙauye. Na biyu shagunan aski masu injin lantarki, waɗanda samari masu dawowa daga bida a Abijan da Legas da sauran biranen kurmi suka saba da su. Na uku faɗakarwar ma'aikatan lafiya tun bayyanar cutar sida a shekarun 1980, cewa ƙarfe ɗaya da ke yawo daga jiki zuwa jiki yana iya ɗaukar cutar da ke cikin jini. Wannan gargaɗi gaskiya ne, kuma wanzamai da dama sun koma amfani da sabuwar reza ga kowane mutum. Tsaga ma ta ja baya ƙwarai. Ta haka tsofaffin asake suka koma gindin zabira, ko cikin rufin ɗaki, tsatsa tana cin su.

Akwai wata ƙasa mai nisa da askarta ta bi kusan irin wannan hanya, amma ƙarshen labarin ya bambanta. A Japan ana kiran askar gargajiya kamisori. Ana danganta shigarta ƙasar da zuwan addinin Budda a ƙarni na 6, domin masu ibadarsa kan aske kai ƙwal. Kamar askar wanzami, ƙarfe ne guda tun daga baki har mariƙi, sai dai akan naɗe mariƙin da wani irin tsumagiya. Maƙeri kan manna siririn ƙarfe mai tauri a jikin ƙarfe mai laushi, ta yadda baki zai riƙe kaifi, washi kuma ya yi sauƙi. Fuskokinta biyu ba iri ɗaya ba ne. A 1871 hukuma ta ba maza damar yanke tukkun gargajiya, a 1876 kuma ta hana yawo da takobi, abin da ya sa maƙeran takubba da yawa suka koma ƙera wuƙaƙe da almakashi da asake. Garuruwa irin su Seki da Sanjo suka yi suna a wannan aiki, kuma a Sanjo gidan Iwasaki ya shahara da askar da ake ƙerawa da tamahagane, ƙarfen da ake narkawa daga yashi mai tama da gawayi. Wannan narka ta gargajiya ta tsaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma a 1977 aka sake tayar da tanderunta a lardin Shimane domin kada ilimin ya ɓace.

Reza ta ci kasuwa a Japan kamar yadda ta ci a Adar, duk da haka tsohuwar kamisori tana da masu nemanta a cikin ƙasar da wajenta. Sukan saye ta da tsatsarta, su kankare a hankali, su sake naɗe mariƙi, su wasa bakinta a kan duwatsun washi da ake haƙowa a tuddan Kiyoto. Abin da ya ba ta daraja shi ne hatimin maƙeri da ke jikinta, wanda da shi ake sanin wanda ya ƙera ta da garinsa da zamaninsa. Shi ya sa gwanin gyara ba ya goge ta har tambarin ya shafe, domin askar da ta rasa sunan maƙerinta ta koma guntun ƙarfe.

Nan ne matsalar askar Adar take. Maƙerin Hausa bai saba buga sunansa a jikin ƙarfe ba. Hatiminsa yana bakin mutane. Tsohon wanzami ne kaɗai zai iya cewa wannan aska ta kakansa ce, maƙerin unguwa kaza ya ƙera ta, da tama ko da ƙarfen mota, kuma da ita aka yi wa zuriya kaza tsaga. Ranar da ya rasu ba a tambaye shi ba, hatimin ya shafe, ko da askar tana nan.

Saboda haka aikin adana ta ya fi ƙarfin goge tsatsa. Malamin makaranta ko ƙungiyar al'adu da ta sami zabira, abin da ya kamata ta fara yi shi ne ta zauna da mai ita, ta rubuta sunan kowane ƙarfe da aikinsa da maƙerinsa da hannuwan da ya bi, ta ɗauki hoto da murya. Bayan haka a share jar tsatsa da tsumma da ɗan mai, a bar baƙin da shekaru suka yi wa ƙarfen, kada a kai shi ga injin washi, domin injin yana cinye siffar da guduma ta bari, zafinsa kuma yana kashe taurin baki. A ajiye aska a busasshen wuri, a ware ta da fatar zabira, wadda kan riƙe danshin damina. Askar da aka adana ba ta komawa jikin mutum. Kayan ba sai sun bar gidan masu su ba. Rubutun da hotunan su ne za a iya kaiwa makaranta, ko Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959.

Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Dattawan da suka ga an narka tama da idonsu sun yi ƙaranci a Adar, haka ma wanzaman da suka koyi sana'a kafin reza ta mamaye kasuwa. Waɗanda suka rage suna nan a Allakay da Buza da Kaita da Madawa, suna zaune a inuwa ran kasuwa da zabira a gefe, kuma tambaya kawai suke jira.