Nazarin Matsalar Tsukewar Hoto a Kwamfutar Kwaikwayo

Duk wanda ya taɓa girka Ubuntu ko Windows a cikin VirtualBox ya san wannan ciwon kai. An gama girkawa, an kunna, sai ga hoton ya maƙale a tsakiyar allo, ɗan mitsitsi, baƙi ya kewaye shi. A shiga wurin sauya girman hoto, babu komai sai 800×600 da 1024×768. Wani lokaci tun wajen girkawar matsalar ke kunno kai, domin maɓallin da za a latsa a ci gaba ya faɗa ƙasan allo, ba a ganinsa. Yawancin masu koyo suna ɓata lokacinsu wajen jujjuya saitin allo a cikin baƙuwar manhajar, wato wadda aka girka a cikin VirtualBox ɗin, alhali shi ne wuri na ƙarshe da ya kamata a duba. Saitin allo ba ya ƙirƙirar ma'auni, abin da aka gaya masa kawai yake jerawa.

A kwamfuta ta zahiri allo ne ke gabatar da kansa. Yana ɗauke da wani ɗan bayani mai suna EDID, wanda ƙungiyar VESA ta fitar da ƙa'idarsa a 1994. Asalinsa bayit 128 ne kacal, amma a ciki akwai sunan kamfanin da ya ƙera allon, da girmansa, da jerin ma'aunan da yake iya ɗauka. Katin hoto ya karanta, direbansa ya miƙa wa babbar manhaja, ita kuma ta zaɓi wanda ya fi dacewa. Kwamfutar kwaikwayo ba ta da allon kanta. Taga ce kawai take da ita a fuskar kwamfutar da ta ba ta masauki, tagar da mai aiki zai iya faɗaɗawa ko tsukewa duk sa'ad da ya ga dama. Idan babu mai sanar da baƙuwar halin da tagar take ciki, sai ta koma ga tsofaffin ma'aunan da kowane kati ya sani: 640×480 na VGA da IBM ya fitar a 1987, da 800×600, da 1024×768 na XGA da ya biyo baya a 1990. Ganin waɗannan lambobi kaɗai a jeri alama ce cewa saƙon ya yanke a hanya.

Saƙon yana bi ta hannu uku: katin hoton da mai masauki ke kwaikwayo, da direban da ke tuƙa katin a cikin baƙuwa, da wata ƙaramar manhaja da ke aikin ɗan aike, tana kai labarin girman taga. Kowanne idan ya gaza yana da tasa alamar.

A ɓangaren kati, tarihin VirtualBox na da hannu a ruɗanin. Kamfanin Innotek na Jamus ne ya ƙirƙire shi, Sun Microsystems ya saye kamfanin a 2008, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010. Shekara da shekaru kati ɗaya ne, VBoxVGA. Da fitowar zubi na 6.0 a Disamban 2018 sai aka ƙara biyu: VBoxSVGA don Windows na zamani, da VMSVGA don Linux, wanda ke kwaikwayon katin VMware da Linux ya riga ya mallaki direbansa, wato vmwgfx. A zubi na 6.1 aka cire wa VBoxVGA damar hoton 3D. Duk da haka har yau ana cin karo da tsohuwar shawarar a koma VBoxVGA. Tana iya buɗe hoton na ɗan lokaci, amma gyara ne da ke mayar da mutum kan katin da masu manhajar suka ajiye don tsofaffin baƙi. A ganina ba shawarar da za a ba mai Ubuntu ko Fedora na yau ba ce.

Shawarar da ta fi yawo kuwa ita ce a ƙara ma'ajiyar hoto zuwa megabayit 128. Ba ta cutarwa, sai dai lissafi na nuna iyakar amfaninta. Kowane ɗigon hoto yana cin bayit 4. Hoton 1024×768 na buƙatar megabayit 3 daidai, na 1920×1080 bayit 8,294,400, ƙasa kaɗan da megabayit 8, na 3840×2160 kuwa kusan megabayit 32. Saboda haka baƙuwar da aka ba megabayit 16 kuma ta kafe a 1024×768 ba ƙarancin ma'ajiya ke damunta ba. Ƙarancin ma'ajiya yakan bayyana ne idan hoton yana bin taga lafiya lau har zuwa wani girma, daga nan ya yi baƙi ko ya ƙi gaba, musamman idan an haɗa allo biyu. Wannan lissafin ne kuma ya bayyana abin da masu Hyper-V na Microsoft suka daɗe suna kuka da shi. Tsohon direban Linux na can, hyperv_fb, megabayit 8 yake da shi, shi ya sa ko an rubuta masa ma'auni a cikin GRUB ba ya wuce 1920×1080.

Mafi yawan matsalar a wajen direba take. A Windows gane ta ba wuya: idan jerin na'urori ya nuna katin hoto da sunan Microsoft Basic Display Adapter, ba a girka kayan baƙi ba, wato Guest Additions a VirtualBox ko VMware Tools a VMware. A Linux abin ya fi sarƙaƙiya. Umurnin saka faifan Guest Additions faifan kawai yake sakawa, ba ya girka komai, kuma mutane da dama a nan suke tsayawa suna zaton an gama. Dole a gudanar da VBoxLinuxAdditions.run, shi kuma yana harhaɗa direbobinsa ne a cikin baƙuwar, don haka yana buƙatar gcc da make da fayilolin kanun kanel ɗin da ake kai. Idan babu su, yakan ƙare da gargaɗin da ke wucewa cikin tarin rubutu ba a lura ba, sai an buɗe /var/log/vboxadd-setup.log a ga gaskiyar abin da ya faru. Daga nan ne ake samun korafin nan na "jiya yana aiki, yau ya daina": an sabunta kanel, direban da aka harhaɗa wa tsohon bai dace da sabon ba. Idan kuma an kunna Secure Boot a baƙuwar, kanel zai ƙi ɗaukar direban da ba shi da sa hannu, ko da an harhaɗa shi daidai. Sababbin kanel na Linux sun zo da wasu direbobin VirtualBox a jikinsu, abin da ya rage wahalar, bai kawar da ita ba.

Alamar ɗan aike daban take. Jerin ma'aunai ya cika, ana iya zaɓar 1920×1080 da hannu, amma a ja taga hoton ba ya bi. A VirtualBox aikin VBoxClient ne, a QEMU mai amfani da SPICE aikin spice-vdagent ne. A VMware kuwa akwai tarko: kunshin open-vm-tools shi kaɗai an yi shi ne don sabar da ba ta da fuskar hoto, mai son hoto ya bi taga sai ya ƙara open-vm-tools-desktop. Kafin a zargi ɗan aike ma, a duba ko an kunna zaɓin daidaita hoto da taga a jerin View na VirtualBox.

Akwai masu tsallake duk wannan su ƙara ma'auni da hannu ta hanyar cvt da xrandr. Dabara ce mai aiki, amma a tsarin X11 kawai. Fedora ta koma Wayland tun zubi na 25 a 2016, Ubuntu ta bi a zubi na 21.04, kuma a ƙarƙashin Wayland xrandr ba ya iya ƙara sabon ma'auni. Umurnin echo $XDG_SESSION_TYPE zai faɗi wanda ake kai. Masu laftof ɗin hannu, irin waɗanda ɗalibanmu suka fi saye, su lura da wani abu: allonsu galibi 1366×768 ne, cvt kuwa yana kai faɗin hoto ga lambar da 8 ke rabawa, sai ya ba da 1368. Ɗigo biyun nan sun isa su jawo sandar gungurawa a gefen taga.

Abu biyu kan yi kama da gyara ko matsala, alhali ba su ba ne. Na farko, yanayin miƙa hoto na VirtualBox, wanda ake shiga da maɓallin Ctrl na dama haɗe da C, yana cika taga, amma hoton 800×600 ɗin ne aka ja, shi ya sa rubutu ke dishi-dishi. Yana kuma ɓoye jerin umurnin sama, har wanda ya faɗa ciki bisa kuskure ya rasa hanyar fita, alhali maɓallan nan biyu ne za su fitar da shi. Na biyu, a allo mai yawan ɗigo kamar 3840×2160, baƙuwa na iya samun cikakken ma'auni amma rubutu ya zama ƙanana ƙwarai. Rage ma'auni a nan asara ce, a ɗaga girman rubutu da gumaka zuwa kashi 200 cikin ɗari a cikin baƙuwar.

Ga mai karatun da zai girka Linux a VirtualBox: ka girka gcc da make da kanun kanel kafin ka taɓa faifan Guest Additions, ka yi amfani da faifan da ya zo da zubin VirtualBox ɗin da ke kan kwamfutarka, sannan ka adana hoton halin baƙuwar kafin kowace sabuntawar kanel, domin in ta ɓaci ka koma baya cikin minti ɗaya.