Misfala da Ƙafa

Sau biyu ina zuwa aikin Hajji cikin ayarin likitoci, amma ban san Misfala ba sai ranar da na rasa mota, na tako daga Harami zuwa masauki ta titin Ibrahim Khalil. A nan na lura gangara nake yi. Ashe ma'anar sunan ke nan: Misfala ita ce gangaren Makka, kishiyar Ma'ala da ke tudu. Nan ruwan kwarin yake malalowa, har da na ambaliyar 1941 da aka yi ɗawafi da iyo. Ta wannan kudancin ne Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka nufi kogon Sauru lokacin Hijira, a 622.

Da na bar babban titi na shiga lungu, sai na ji kamar ina Fagge: ga tuwo, ga masa, ga ciniki da Hausa. Wata tsohuwa ta ga rigar aikina ta ce, "Likita, zo ka duba ni." Ina auna jininta tana ba ni labari cewa a Sudan aka haife ta, iyayenta na kan hanya.

Haka kakanninmu suka riƙa zuwa: daga Kano zuwa Borno, su ratsa Chadi da Darfur, su kai Sawakin, su haye Bahar Maliya. Sukan yi shekaru suna noma da ƙwadago don neman guzuri. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mabiya Sarkin Musulmi Attahiru sun bi wannan hanya, wasu suka kafa Mai Wurno a Sudan, wasu suka ƙarasa Hijaz. Larabawa suka kira su Takari, daga sunan Takrur. Jikokinsu ne Hausawi da Barnawi na yau, irin su Usama Hausawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Sai dai lungunan suna ɓacewa. An rushe ganuwar Ajyad a 2002, dogon ginin agogo ya maye gurbinta, otal-otal kuma sai ƙara cin unguwa suke. Tsofaffin ma suna ta tafiya.

Don haka 'yan uwa, duk wanda Allah ya kai shi bana, ya ware yamma ɗaya ya taka Misfala. Ya gaida tsoho, ya tambaye shi garin iyayensa, ya naɗi muryarsa a waya da izininsa, ya aiko wa ƙungiya. Ni ban tambayi tsohuwar nan garinsu ba, har yau abin yana damuna. Wataƙila 'yar garinmu ce.