Yadda ake raba wa kwamfuta nauyin sauti ta hanyar zagaye

Masu ƙananan situdiyo kan tambaye ni: me ya sa sauti ke kakkatsewa alhali firosesar mai ƙwaya takwas ce? A manhaja irin Ableton Live, duk filogin da ka jera a layi ɗaya, ƙwaya ɗaya ce ke ɗaukar nauyinsu, sauran suna zaman kashe wando.

Sai ka raba jerin biyu. Ka fitar da sautin ta BlackHole, in Mac gare ka, ka dawo da shi a sabon layi. Manhajar za ta ɗauke shi baƙo, ta miƙa wa wata ƙwayar.

Amma fa akwai jinkiri: bofa 256 a 48kHz ta ɗan haura milisakan 5, zagayen kuma ya fi haka. Wajen haɗa waƙa kana iya daidaita shi da hannu. Wajen ɗaukar murya kai tsaye kam, ni ba na yi.