Yawon tsibirai: daga Katako zuwa gungayen kogin Isa

Yawon tsibirai wani salon tafiya ne da matasa masu ƙaramin guzuri suka shahara da shi a ƙasashe masu zafi. Mutum ya goya jaka ɗaya, ya hau jirgin ruwan da mutanen gari ke hawa, ya sauka a wani tsibiri ya kwana biyu ko uku a masauki mai araha, in wurin ya ishe shi ya nemi jirgin da zai kai shi tsibiri na gaba. Ba ya kama ɗaki tun daga gida, kuma abin da ya samu a bakin ruwa shi yake ci. Salon ya faro ne daga samarin Turai da Amurka da suka riƙa bin hanyar ƙasa zuwa Indiya a shekarun 1960 da 1970, sannan littattafan jagorar tafiya na kamfanin Lonely Planet, wanda aka kafa a 1973, suka ƙara yaɗa shi. A yau cibiyarsa ita ce kudu maso gabashin Asiya: Indonesiya mai tsibirai fiye da 17,000, Filifin mai fiye da 7,600, da kuma Tailan.

Nijar ba ta da teku, shi ya sa da yawa za su ɗauka zancen bai shafe ta ba. To ai ƙasar Laos ma ba ta da teku, amma ɗaya daga cikin wuraren da masu jakar goyo suka fi so a can shi ne Si Phan Don, ma'ana tsibirai dubu huɗu, tarin gungaye a tsakiyar kogin Mekong. Irin wannan akwai shi a ƙofar Yamai, kuma shekaru da dama baƙi sun yi ta zuwa dominsa.

Kogin da gungayensa

Kogin Isa, wanda Zabarmawa ke kira Isa Beri, Hausawan Najeriya kuma Kwara, yana da tsawon kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gine zuwa tekun Atlantika. Kimanin kilomita 550 daga ciki suna ratsa Nijar, daga iyakar Mali zuwa ƙasan Gaya. A wannan tsakanin kogin yakan rabu rassa-rassa, ya bar tudun ƙasa a tsakiya. Wasu tudun yashi ne kawai da ke fitowa da rani su nutse da cikar ruwa. Wasu kuwa garuruwa ne sosai, da masallaci da makaranta da gonakin shinkafa.

Kalmar da ake kiran su da ita, gungu, Zabarmanci da Hausa sun yi tarayya a kanta. Ita ce a sunan Neni Gungu a nan Yamai, da Ayoru Gungu, da Lete Gungu, kuma daga gare ta aka samo sunan Gungawa, mazauna tsibiran ƙasar Yawuri a jihar Kabi ta Najeriya, waɗanda madatsar Kainji ta tayar da su daga gidajensu a 1968. A ɓangaren Nijar, mutanen gungu sun haɗa da Sarkawa masunta, da Kurtai, da Wogo na tsibiran Sindar kusa da Tilaberi (ba Zinder ta Damagaram ba). Su kwale-kwale shi ne jakinsu, shi ne motarsu. A ciki ake kai amarya, a ciki ake kai mara lafiya likita.

Shiri daga Katako

Ɗan Yamai da ya yi niyyar kwana a gungu zai iya haɗa kayansa kaf a kasuwar Katako. Sunan kasuwar kansa kalmar Hausa ce, kuma ta ci sunanta, don nan ne matattarar katako da kayan gini da maƙeran da ke narka tsohon alminiyom su zuba tukwane. Abin da matafiyin Turai ke saye da tsada a kantin kayan zango, a nan akwai takwaransa: tabarma, igiya, bido na ruwan sha, murhun gawayi, tocila, leda mai kauri ta rufe kaya. Sange, wato gidan sauro, shi ne abin da ba a mantawa da shi, domin sauron bakin kogi ba ya hutun rani.

Hanyar tafiya iri biyu ce. Akwai shatar kwale-kwale daga bakin kogi a cikin gari, inda ake yin ciniki da matuƙi kan inda za a je da lokacin dawowa. Akwai kuma bin jiragen kasuwa, manyan kwale-kwale masu inji da ke ɗaukar mutane da buhuna da awaki ranar da wani gari ke ci. Na biyun ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma shi ne ainihin abin da masu jakar goyo ke nema, sai dai jirgin kasuwa ba ya tashi da agogo. Sai ya cika.

Ruwa biyu a shekara

Wanda bai san lokacin kogi ba zai iya zuwa ya tarar da yashi. A Yamai kogin yana cika sau biyu. Cikar farko tana zuwa a watannin Agusta da Satumba, lokacin da rafukan Goruwol da Dargol da Sirba ke kwararo ruwan damina daga wajen Burkina Faso. Wannan ruwan ja ne, mai laka, mai ƙarfi, kuma shi ne ke kawo ambaliya. A Satumban 2020 ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya karya shinge ya shiga unguwannin ƙetaren kogi irin su Lamorde da Kirkisoy. Ba lokacin yawo ba ne.

Cika ta biyu ita ce ruwan Gine. Damina ɗaya ce ta zubar da shi, amma sai ya bazu cikin fadamun tsakiyar Mali ya yi watanni yana tafiya a hankali, bai kai ƙololuwarsa a Yamai ba sai wajen Janairu zuwa Fabrairu. Ya zo daidai da sanyin hunturu, ruwan ya kwanta, jirgi na iya shiga ƙananan rassa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ke nan lokacin da ya fi dacewa. Daga Afrilu ruwa ke ja da baya, a watan Mayu da Yuni kuwa akwai wuraren da ake takawa da ƙafa. A 1985, bayan farin da aka sha, kogin ya tsaya cak a Yamai, abin da dattawan gari ba su manta ba. Yashin da iska da kwararar ruwa ke turowa cikin kogin kullum ƙara cike shi yake yi, ga kainuwa da ke toshe mashigai. Hukumar kula da kogin ta ƙasashe tara, ABN, wadda hedkwatarta ke nan Yamai, ta daɗe tana fama da wannan matsala.

Kanazi da Bubon

Tsibiran da suka fi kusa su ne na arewa maso yammacin gari. Kanazi ƙaramin ƙauye ne a tsakiyar ruwa, ana zuwa a dawo a yini ɗaya, kuma a kewayensa akan ga dorina. Gaba kaɗan sai Bubon, kimanin kilomita 25 daga Yamai ta hanyar Tilaberi. Garin yana bakin kogi, tsibirinsa yana daura da shi, kuma a kan tsibirin ne aka yi zangon baƙi da ma'aikatan Yamai suka daɗe suna zuwa hutun ƙarshen mako.

Abin da ya fitar da sunan Bubon shi ne ginin tukwane. Matan garin ne ke gina randuna da tuluna, su yi musu zane da farar ƙasa da ja, kuma randar da ke sanyaya ruwa a gidaje da yawa na Yamai daga hannunsu ta fito. Kasuwar garin tana ci ranar Laraba. A ranar bakin ruwa yakan cika da kwale-kwale daga ƙauyukan ƙetare da gungaye, masu kifi da masu kabewa da masu dabbobi. Wanda yake son ya ga yadda kogi ke ciyar da birni, Laraba ɗaya a Bubon ta ishe shi.

Ayoru, Firgun da dorina

A zamanin da baƙi ke yawo ba fargaba, Ayoru ce ƙarshen buri. Tana da nisan kusan kilomita 200 daga Yamai, dab da iyakar Mali. Tsohon garin yana kan tsibiri, kasuwar Lahadi kuma tana bakin gaɓa, inda Buzaye da Fulani da Sonrai da fataken Hausawa ke haɗuwa. Matafiyan da suka ƙetaro Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas a shekarun 1970 da 1980, da yawansu cikin tsofaffin motocin Peugeot da suke sayarwa in sun iso, sukan ƙarasa can su hau kwale-kwale zuwa Firgun kallon dorina.

Kafin su akwai waɗanda suka bi kogin don bincike. Mungo Park, ɗan ƙasar Sikotlan, ya gangaro ta nan a jirgi, ya halaka a gangaren ruwan Busa a 1806. Bafaranshen nan Jean Rouch shi da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, sun bi kogin daga mafarinsa zuwa teku a 1946 da 1947, kuma farautar dorina da Sarkawan wannan yanki ke yi da mashi ita ce ta zama fim ɗinsa na farko. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, kabarinsa yana Yamai.

Dorinar da baƙo ke biyan kuɗi ya gani, manomin gungu kallon masifa yake mata. Takan fito da dare ta cinye gonar shinkafa, takan kife jirgi, ta sha kashe masunta. A 2017 rikicin ya yi tsanani a yankin Ayoru har mutanen ƙauyuka suka kashe dorina da dama, a shekarar ce kuma gwamnati ta keɓe gandun kare su a yankin Kandaji. Doka ta hana kashe ta, amma wanda aka cinye wa gona ba doka yake ji ba.

Kudu: gandun W da Lete

Ƙasa da Say kogin yana yin wata lanƙwasa mai kama da harafin W, wadda ta ba gandun dajin da aka kafa a 1954 sunansa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. A gefensa akwai gungun Kare Kopto, inda mutanen ƙauyen suka taɓa riƙe zangon baƙi da kansu.

Tsibirin da ya fi kowane suna a tarihin ƙasar shi ne Lete, kusa da Gaya, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 40, makiyayar Fulani da gonakin fadama. Nijar da Dahome, wato Benin ta yanzu, sun yi jayayya a kansa tun samun mulkin kai, a ƙarshen 1963 har abin ya kai ga korar ma'aikata ƴan Dahome daga Nijar. Sai ranar 12 ga Yulin 2005 Kotun Duniya da ke La Haye ta raba gardama. Cikin tsibirai 25 da ke kan iyakar, ta ba Nijar 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe gadar Gaya zuwa Malanbil, kwale-kwale ya sake zama babbar hanyar ƙetare wannan iyaka ga fasinja da kaya.

Abin da ya tsayar da baƙi

Sana'ar ta mutu ne a hankali. Sace wasu Faransawa biyu daga wani gidan abinci a tsakiyar Yamai a Janairun 2011 ya tsorata masu zuwa. Yaƙin arewacin Mali daga 2012 ya yanke hanyar Gao. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi, ciki har da Ayoru. Sannan ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga suka kashe ma'aikatan agaji Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a gandun raƙuman dawa na Kure, Faransa ta shafa wa kusan dukan ƙasar jan launi a taswirar gargaɗinta. Baƙon waje da zai fita daga Yamai yanzu sai da rakiyar jami'an tsaro, wadda mai jakar goyo ba shi da kuɗinta. Gandun W kuwa ƴan bindiga sun yi kaka-gida a cikinsa.

Masu asara su ne matuƙa, da masu jagora, da matan da ke sayar wa baƙi ƙananan tukwane. Abin da ya rage musu shi ne ƴan gida: iyalai, ɗalibai, samarin da ke shatar jirgi da yamma. Su ma wajibi ne su tambayi halin da hanya ke ciki kafin su wuce kewayen birni, su riƙe katin shaida, kuma su isa gaisuwa wurin mai gari kafin su shimfiɗa tabarma a gungun mutane.

Ko ba ƴan bindiga, kogin yana da nasa haɗarin. Babba shi ne lodin da ya wuce kima. A Mayun 2021 wani jirgin kasuwa ya rabe biyu kusa da Wara a jihar Kabi, fiye da mutum ɗari suka salwanta, galibinsu ƴan kasuwa da mata da yara. Rigar ruwa ba a cika samunta a jiragen kasuwa ba, wanda ya samu tasa ya tafi da ita. Tafiyar dare ganganci ce, saboda duwatsu da dorina. Wanka a gefen da ruwa ya kwanta yana jawo tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ruwan kogi ba a sha sai an tafasa.

Taswirar gungayen arewa ma ba za ta daɗe yadda take ba. Madatsar Kandaji, kimanin kilomita 180 sama da Yamai, wadda shugaba Tandja Mamadu ya aza harsashinta a 2008 aka kuma sake tayar da aikinta a 2019, an tsara ta ne don ta ba da megawat 130 na lantarki, ta kuma riƙe ruwa don kada kogin ya ƙafe da rani. Tafkin da za ta tara zai haɗiye gonaki da tsibiran da ke bayanta har zuwa wajen Ayoru, kuma dubban mazaunansu suna cikin jerin waɗanda za a mayar sababbin matsugunai a kan tudu.