Kuskuren Daidaiton Adireshi a Ƙananan Firosesa

Kuskuren daidaiton adireshi matsala ce da ke tsayar da manhaja cak a ƙananan firosesa na cikin na'urori. Yana aukuwa idan aka karanta lamba mai bayit 4 daga adireshin da ba ya rabuwa da 4, misali 1001 maimakon 1000. Firosesan ARM Cortex-M0 ba ya lamuntar haka, nan take yake faɗawa yanayin kuskure da ake kira HardFault.

Masu gyara kan bi sawu da manhajar gano kuskure ta GDB har su gano umarnin da ya jawo tsayawar, sannan su kwafe bayanan da aikin kwafi na memcpy don kauce wa kuskuren.